Rumfar Hijabai a Sashen Gaggawa

Ina cikin ɗinke wa wani magini goshi sai yayana Nazeer ya leƙo ta tagar sashen gaggawa, ya kira ni da sunan gida.

"Bahi! Gwaggo ce. Ciwon nan ya tashi."

Ban ɗago ba, domin allura na cikin fatar mutum. Ranar Asabar ce, rana ta take, kuma washegari ne saukar karatun Gwaggo.

Gwaggo Sa'ida yayar mahaifinmu ce. Ita ta riƙe ni tun daga yaye a gidanta na Gwale, ita ta raka ni makaranta har na zama likita, alhali ita ko baƙi ɗaya ba ta sani ba sai da ta haura hamsin. Wata safiya kawai ta wanke allon da na yar tun ina yarinya, ta shiga Islamiyyar matan aure ta bayan layinmu, ta zauna a tabarma ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta. Aka yi dariya har aka gaji. Shekara da shekaru tana bin baƙi da ɗan yatsa, tana tuntuɓe tana tashi, ga shi yau ta kai ƙarshe. Duk ajin kuma ita Malama ta zaɓa ta buɗe taro da karatu. An sanar da dangi har na Bichi, an kafa rumfuna a filin makaranta.

Shi kuwa ciwon ya girme ni. A gidanmu ba shi da wani suna sai "ciwon Gwaggo". In ya tashi sai a kwashe ta zuwa asibiti, a ce maleriya ce da taifod, a ɗaura mata ruwa, a kwantar da ita 'yan kwanaki. Ciwon ya gaji don kansa ya tafi, a dawo gida ana yabon magani. Tun ina jami'a na san sunansa: ciwon ɓarin kai, wanda littattafanmu ke kira migren. Na faɗa mata ya fi a ƙirga. Amsarta ɗaya ce kullum: "Ni da na yi miki tsarki, yau ke za ki gaya mini abin da ke cikin kaina?"

Na ƙulle zaren, na bar wa Sista Jamila ta rufe raunin, na nufi wajenta da sauri.

An kwantar da ita a gadon da ke jikin taga, inda rana ke dukan farin bango ta dawo cikin ido. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta dafe gefen kanta na hagu, an ɗaure mata goshi tamau da ɗankwali. Warin man zafi da tazargade na tashi daga jikinta. Kafin in kai bakin gadon, adaidaita biyu sun sauke 'yan ajinsu, waɗanda suka baro suyar cincin ɗin walima suka biyo bayanta. Kowacce da humrarta, kowacce da muryarta.

"Sannu, Sa'ida!"

"Ya jikin? Kai, sannu!"

"Allah ya sa kaffara ne!"

Duk sannun da aka yi sai in ga yatsun ƙafar Gwaggo sun lanƙwashe.

A gabansu akwai Hajiya Dije, aminiyar Gwaggo tun suna amare, mace mai jiki da murya. Ita ce shugabar aji, ba don ta fi kowa karatu ba, sai don babu mai iya hana ta.

"Baki ne," ta ce da ni tun kafin in gaishe ta. "Tun ranar da Malama ta kira sunanta nake cewa ta dage da addu'a. Mutanen yanzu ba su iya yabo ba."

Dakta Abdulhakeem, babbanmu a sashen, ya riga ni isowa, yana tsaye yana rubutu a kati. Mutumin kirki ne, shi ya koya mini neman jijiyar jariri, kuma ban taɓa jin ya yi wa majinyaci tsawa ba. Amma ya daɗe a ɗakin nan, dogon layi ya koya masa rubutu kafin tambaya. Na leƙa katin. Gwajin maleriya, gwajin taifod, ƙarin ruwa, allurar fenta mai kashe zafi, a kwantar a ɗakin mata.

"Yallaɓai, ai ba ta da zazzaɓi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Dakta Bahijja, kin san ta ne?"

"Gwaggona ce. Ita ta raine ni."

"To kin ga dalilin da zai sa ki koma kan majinyatanki."

"Zan koma. Amma ka taɓa jikinta? Ka tambaye ta ko ta taɓa yin irinsa? Wannan gwajin taifod ɗin, ko maigadi aka ɗebi jininsa yanzu sai ya nuna wani abu, ka sani na sani. Fenta kuwa bugar da ita kawai za ta yi, ta farka ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Tun ban san kaina ba ake yi wa matar nan maganin cutar da ba ta da ita!"

Ban san muryata ta hau haka ba sai da na ga maginin nan ya juyo da plasta a goshi yana kallona. Dakta Abdulhakeem ya zare tabarau ya goge da gefen riga.

"Kin gama?"

"Ban gama ba. Gobe ne saukarta. In aka kwantar da ita, shi ke nan, an yi babu ita."

"Mace ta doshi sittin, ga ciwon kai mai tsanani, ga amai, an ce har idonta ya rufe. Ke da kika baro makaranta jiya-jiya, me littafinki ya ce?"

"Ya ce a tabbatar ba jini ne ya fashe a ƙwaƙwalwa ba, ba sanƙarau ba ne, ba kuma shanyewar ɓarin jiki ba."

"To?"

"To gwajin taifod ba ya tabbatar da ko ɗaya. A duba ta. Kai ka duba ta, ba ni ba."

Abin da ke ƙona mini rai a asibitocinmu ke nan. Ba rashin sani ba ne. Mutumin da ke tsaye a gabana ya san jijiyoyin kai fiye da yadda na san hanyar gidanmu. Sabo ne kawai. Kowane ciwon kai maleriya ne, wanda ya ƙi ji kuma taifod ne, kowa ya samu ledar ruwa a hannu ya ji an kula da shi, likita ya wuce gado na gaba. Haka aka saba. Kalmomin nan uku sun cinye lafiyar mutane fiye da sauro.

Dakta Abdulhakeem ya jawo kujera da ƙafa ya zauna. Na manta rabon da in gan shi a zaune a ɗakin nan.

"Gwaggo," ya ce ƙasa-ƙasa, "tunda ke gwaggon likitarmu ce, kin zama gwaggonmu. Ki yi haƙuri da tambaya. Yaya abin ya faro?"

Muryarta ta fito daga ƙarƙashin mayafi, siririya. "Ina tilawa da hantsi, sai baƙaƙen tsakiyar layi suka ɓace. Ina ganin na farko, ina ganin na ƙarshe, tsakiya babu. Sai wani abu ya fara walƙiya a gefen ido, mai baki-baki, kamar zubin aska a wuyan babbar riga. Ya yi ta faɗi, ya yi ta faɗi, can ya wuce. Da ya wuce sai gudumar ta fara."

"Idon ya dawo?"

"Ya dawo. Haske ne kamar ana soka mini tsinke."

"Lokaci ɗaya ya sare ki, ko a hankali ya taso?"

"A hankali. Kamar tukunya na ɗaukar zafi."

"Kin taɓa yin irinsa?"

"Tun ina budurwa. Innarmu ma haka take, ita har ƙarƙashin gado take shigewa."

"Na yau ya bambanta da na baya?"

"Shi ne dai, tsohon baƙona. Rana ce bai iya zaɓa ba."

Ya sa aka kwance ɗankwalin. Ya tallafi ƙeyarta ya sunkuyar da kai har haɓa ta taɓa ƙirji, wuya bai ƙage ba. Ya nemi gafara ya haska idanunta da 'yar tocila, ta ce, "Wayyo, ɗan nan, Allah ya shirye ka," ya ce amin. Ya sa ta yi murmushi, ta yi na dole, baki bai karkace ba. Ya sa ta damƙe yatsunsa da hannu biyu, ta ɗaga ƙafafu, ta taɓa hancinta ido a rufe. Har ƙaramar gudumar roba ya aika aka tono daga ƙasan durowa ya ƙwanƙwasa mata gwiwa. Sista Jamila ta kawo nata awon: jiki ba zafi, jini ya ɗan hau kaɗan irin na mai jin ciwo, gwajin maleriya na ɗan yatsa bai nuna komai ba.

"Me kika ci yau?"

"Azumi nake. Na godiya."

"Barci fa?"

"Wane barci?" in ji Hajiya Dije. "Kwana take tilawa kamar wadda za a yi wa jarrabawar shiga aljanna."

"Kina shan shayi? Goro fa?"

Gwaggo ta ƙara jan mayafi. Hajiya Dije ta karɓe zancen.

"Faɗa masa mana, Sa'ida, ko ni in faɗa? Likita, matar nan tun tana amarya goro ba ya barin bakinta. Da aka ce za a kawo mai hoto, za a kuma kafa mata lasifika a baki, sai ta yi wa goro yaji. Duk makon nan ko ɓari ba ta ci ba. Gawayi take dakawa tana dirzar haƙora, wai ita ba za ta yi karatu a gaban jama'a da jan baki ba."

"Dije, Allah ya isa," in ji Gwaggo a raunane.

Dakta Abdulhakeem ya toshe baki da kati, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa nan take na gane abin da ya tayar da ciwon. Abin da ke cikin goro shi ne ke cikin shayi mai kauri. Kan da ya saba da shi shekara da shekaru, a yanke masa rana ɗaya, a haɗa masa da yunwa da rashin barci, ai ko ba shi da tsohon ciwo sai ya yi ƙara.

Ya ja layi a kan rubutunsa na farko, ya sake sabo. Ya tambaye ta ko tana da gyambon ciki ko ciwon ƙoda, ta ce babu. Ƙarin ruwa, allurar tsayar da amai a jijiya a hankali, wadda ita kanta tana kwantar da irin wannan ciwon, allurar kashe zafi, sai wata allura, deksa, don kada ya dawo gobe. Babu fenta, babu gwajin taifod.

"Ni fa azumi nake," in ji Gwaggo da ta ji ana neman jijiya.

"Nafila ce, kya rama bayan biki," Hajiya Dije ta ce, ta kama hannun ta miƙa wa Sista Jamila.

Dakta Abdulhakeem ya miƙe ya fuskance ni. "Ga sharaɗina. In kafin magariba ta tashi zaune, ta sha ruwa ya zauna, ta taka da ƙafarta, na sallame ta. In ba haka ba, nan za ta kwana, gobe a yi hoton kai, ko da Malamar ce za ta zo roƙo da kanta. Ke kuma babu hannunki a katin nan."

"Na yarda, Yallaɓai."

"Sannan tana bukatar duhu da shiru, in kin san inda ake ajiye su a asibitin nan."

Babu inda ake ajiye su. Labulayen sashen an kwance su don wanki tun kafin a turo ni, ba su dawo ba, na yi magana har an fara kauce mini a hanya. Fitilun ɗakin duk makunni ɗaya gare su, in ka kashe na Gwaggo ka kashe na wanda ake ɗinkewa. Labari kuma ya riga ya zaga Gwale. Maƙwabta suka fara isowa, wata da kwanon kunu, wata da jikanta a baya. Wayoyi na ta kuka. Wata baiwar Allah ta kunna addu'ar tsari a waya, ta ƙure murya, ta ajiye daidai kunnen hagu na Gwaggo. Na ga Gwaggo ta yunƙura, ta sake kelaya amai a roba.

A nan na kasa riƙe kaina.

"Don Allah kowa ya fita! Ku kashe wayoyin nan! Ba ku ga kuna ƙara mata ciwo ba? Turarenku, surutunku, ku ne ciwon yanzu! Nan asibiti ne, ba gidan suna ba!"

Ɗakin ya yi tsit, amma ba irin shirun da nake nema ba. Hajiya Dije ta dube ni daga sama har ƙasa, ta gyara mayafi, ta ce, "Ku taso mu tafi, likita ta yi magana." Suka fice ɗaya bayan ɗaya, mai kunu ta ɗauki kwanonta.

"Bahijjatu."

Na sunkuya kusa da mayafin.

"Waɗannan da kika kora," ta ce, tana hutawa tsakanin kalmomi, "su suka riƙe mini yatsa a kan baƙi. Dije ce ke biya mini in na manta. In na warke, da wace fuska zan zauna a cikinsu gobe? Ki kori ciwon. Kada ki korar mini mutane."

Na san gaskiyarta. A cikin gari ba a barin marar lafiya shi kaɗai. Dubiya haƙƙi ce, wanda bai zo ba sai an tuna masa har a jikoki, wanda aka kora kuwa ba ya mantawa. In matan nan suka hau adaidaita da wannan fushin, ko Gwaggo ta miƙe garau, gobe za ta yi karatu ne a cikin waɗanda ke kau da kai.

Na same su a baranda suna laluben takalma. Na durƙusa a gaban Hajiya Dije da farar rigata, masu jiran layi na kallo.

"Hajiya, na yi kuskure, ku yafe mini. Tsoro ne ya sa ni."

"Tsoro? Mu ma ai tsoron ne ya kawo mu."

"Na sani. Ciwon nan abinci uku gare shi: haske, da ƙara, da ƙamshi. Maganin da aka sa mata zai yi aiki, amma sai ta samu ta yi barci a cikin duhu. Duhu nake nema, Hajiya, kuma ba ni da shi. Ko labule ɗaya babu a ɗakin nan."

Ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Duhu? Shi ne kika tsaya kina yi mana tsawa kamar ɗan kamasho? Ke da bakinki, da kin ce duhu kike so! Tashi, kina ɓata rigar gwamnati. Nazeer! Ina jakar nan da muka karɓo daga wurin tela?"

Hijaban sauka ne a ciki, sababbi fil, koraye masu duhu, yadi mai kauri, na duk ajin. Da safen nan suka karɓo su, suna bayan adaidaitar yayana.

Ban taɓa ganin an tsara aiki da sauri irin haka ba, har a ɗakin tiyata. Hajiya Dije ta bi su ɗaya-ɗaya tana shinshinawa. Duk wadda humrarta ta yi ƙarfi, baranda. "Ke, tun daga Ƙofar Na'isa ake jin ki, zauna nan. Ke ce mai karɓar gaisuwa. Duk wanda ya zo dubiya ki amsa masa a madadinta, ki riƙe sunansa, za a gaya mata." Aka tattara wayoyi a cikin kwanon kunun da aka juye, aka kashe su. Sauran suka wanke hannu suka bi ta ciki ba takalmi, don kada a ji takunsu.

Suka rataya hijabai a ƙarafan taga, biyu-biyu, suka ɗaure da bakin ɗankwali. Suka jawo sandar ƙarin ruwa da ba kowa a kanta, suka haɗa ta da ta Gwaggo, suka shimfiɗa wasu a sama. Ta wajen ƙafa babu abin ɗaurawa, sai mata biyu suka tsaya suka ɗaga hannuwa suka riƙe. Sista Jamila ta zo za ta yi magana, ta duba, ta nuna musu da hannu inda za su bar mata ƙofar duba ruwa. Wata tsohuwa ta zauna a ƙasa ta zura mafici ta ƙarƙashi tana fifita a hankali.

Na leƙa ciki. Duhu ne mai ɗan kore, kamar gindin darbejiya bayan faɗuwar rana. Gwaggo ta janye mayafin daga fuskarta da kanta, ta sauke numfashi.

Dakta Abdulhakeem ya zo wucewa ya ja birki. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba ya cikin littafi," ya raɗa mini.

"Labule yana ciki, Yallaɓai."

"Ke dai ba kya gajiya." Ya yi gaba, amma na lura ya rage takunsa.

Na koma kan aikina. Yaro mai asma, dattijon da babur ya buge, mai ciki da aka kawo ba ta nan ya kamata ba. Duk sanda na waiga sai in ga rumfar na nan. In hannun wata ya gaji sai ta ɗaga gira, wata ta taso daga benci ta karɓe ta, ba tare da yadin ya motsa ba. Da aka kira la'asar suka yi salla kashi-kashi. Abin da ya fi ba ni mamaki Hajiya Dije ce. Tana tsaye a bakin rumfar, hannu a ƙugu, bakinta a rufe. Wani ɗan rakiya ya ɗaga murya a waya, ta juya ta dube shi kawai, ya fice yana ba da haƙuri. Har masu nishi a sauran gadaje suka rage sauti, sashen gaggawa ya zama kamar masallaci tsakanin salloli.

Rana ta yi sanyi, inuwa ta cinye bangon, Gwaggo ba ta motsa ba. Ledar ruwa ta ƙare aka cire. Na fara zagaye gadon ba dalili, ina gyara abin da ba ya bukatar gyara. Can Dakta Abdulhakeem ya iso yana naɗe hannun riga don alwala.

"A tashe ta."

Hajiya Dije ta ɗaga gefen hijabi, ta taɓa mata ƙafa. "Sa'ida," ta ce, da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba.

Gwaggo ta buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan. Ta tsaya tana sauraren kanta, kamar mai jiran ta ji ko ɓarawo ya fita daga gida.

"Gudumar ta tsaya," ta ce. "Saura ɗan nauyi, kamar na sauke tulu."

Ta tashi zaune ba wanda ya taimaka mata. Aka ba ta ruwa ta sha, muka tsaya muna kallon maƙogwaronta, ruwa ya zauna. Aka yaye hijabai ɗaya bayan ɗaya, ta ƙifta ido, ba ta rufe fuska ba. Ta sauko, ta taka har bakin ƙofa ta dawo, a miƙe, tana gyara ɗaurin zani. Matan baranda suka taso za su yi guɗa, Hajiya Dije ta ɗaga yatsa, guɗar ta maƙale.

"Gwaggo, na sallame ki," in ji Dakta Abdulhakeem. "Ki ci tuwo, ki kwanta da wuri, babu tilawa yau. Da safe ki karya, ki ci ɓarin goronki. In kina son rabuwa da shi, a hankali ake yi, ba rana ɗaya ba. Bayan biki ki zo asibitin masu ciwon kai, akwai maganin da ke rage zuwan baƙon nan. In kuwa kika ji wani iri dabam, wanda ya sare ki lokaci ɗaya, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta karye, ko a tsakiyar taro ne a kawo ki."

Ta gyaɗa kai, amma ba ta tashi daga bakin gadon ba. Tana murza gefen mayafi.

"Baƙaƙen fa?" ta ce. "In na buɗe na tarar tsakiyar ba ta dawo ba?"

Sai a lokacin na gane abin da ta kwanta da shi tun hantsi. Ba ciwon ne ya fi tsorata ta ba, ta san shi. Wannan ne karo na farko da ya zo ya same ta da abin da zai iya ɗaukewa.

Hajiya Dije ta zaro ɗan izu daga jakarta, ta buɗe wurin da aka ba Gwaggo, ta ɗora mata a cinya. Gwaggo ta yi bisimilla, ta sa yatsa a farkon layi. Yatsan ya tafi a hankali, ya kai tsakiya, ya ɗan tsaya. Ya wuce. Ya kai ƙarshe, ya sauko layi na biyu.

"Suna nan," ta ce. "Dukkansu suna nan, Dije."

"To da ina za su? Tashi mu tafi, ga hijabai sai an sake guga."

Washegari na samu wata abokiyar aiki ta riƙe mini safiya. Filin makaranta ya cika, 'yan Bichi sun iso tun da wuri, yara sun hau katanga. Na zauna a baya cikin dangi, idona a kan gefen kanta na hagu, ina jiran in ga hannu ya tashi ya dafe shi. Bai tashi ba.

Malama ta kira sunanta. Gwaggo ta fito daga sahun 'yan ajinsu, ta zauna a kan darduma, aka sauko mata da lasifika daidai baki. Ta fara da rawar murya, har na ji wata a kusa da ni ta ce, "Allah ka dafa mata." A aya ta biyu muryar ta zauna. Ta yi karatunta a tsanake, tana ba kowane baƙi haƙƙinsa, ba ta yi sauri ba ko da jariri ya tsala kuka a rumfar mata. Yaya Nazeer, wanda tun da aka fara yake ɗaukar ta a waya, ya sauke wayar ya sa hannun riga a ido.

Ta kai aya ta ƙarshe, ta rufe, ta shafa. Fili ya yi tsit, ana jiran Malama ta yi addu'a. Gwaggo ta manta lasifika na bakinta, ta juya wajen sahu, muryarta ta karaɗe unguwa:

"Kai, alhamdu lillahi. Dije, zo ki ɗaga ni, ƙafar nan ta mutu."

Dariya da guɗa suka tashi tare, Hajiya Dije ta ratso sahu tana faɗa, ta kama ta da hannu biyu ta miƙar da ita.